Gani Kafin Cirewa: Tarihin Hoton Haƙori da Zangunan Akra

Cikin watan Janairu na shekara ta 1896 abubuwa biyu suka faru a wurare masu nisa da juna. A ƙasar Asante, rundunar Ingilishi ta shiga Kumasi ta kama Sarki Prempeh na Ɗaya, cikin rundunar kuwa akwai sojojin Hausa da yawa. A garin Braunschweig na ƙasar Jamus kuma, wani likitan haƙori mai suna Otto Walkhoff ya sa ɗan gilashin ɗaukar hoto a bakinsa, ya yi minti 25 bai motsa ba, domin a ɗauki hoton haƙoransa da wani sabon haske wanda aka gano watanni biyu kacal da suka wuce. Abu na fari ya ƙara buɗe hanyar kudu ga fatake da baƙi daga arewa, har zanguna suka yi ta girma a garuruwan bakin teku. Na biyu ya buɗe wa likitoci hanyar ganin abin da yake ɓoye cikin muƙamuƙi. An daɗe ƙwarai kafin hanyoyin nan biyu su gamu, har wa yau kuwa gamuwar ba ta cika ba.

Zango da wanzaminsa

Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga neman goro. Inda ayari ya sauka ya kwana, nan ne zango. Daga baya waɗansu suka gangara har bakin teku. Sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya kawo daga Legas domin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 sun ƙara yawansu. A 1877 Turawa suka mai da hedkwatarsu daga Cape Coast zuwa Akra, garin da tsofaffin Hausawa suke kira Ankara, sai baƙi suka yi ta zuwa. Wajen 1912 Malam Bako ya kafa Sabon Zango. Wajen 1931 kuma Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai cinikin shanu, ya sami fili daga hannun gidan Odoi Kwao na mutanen Ga, nan Nima ta tsiro. Maamobi ta tashi a gefenta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aikin barikokin soja da ke kusa ya jawo leburori, da kukumai, da masu gadi, suka cika unguwar. Ba a sa Nima cikin iyakar birnin Akra ba sai a 1951, saboda haka ta girma ba tsari, ba famfo isasshe, ba asibiti.

Mazaunanta ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Fulani, da Zabarmawa, da Kotokoli, da Mosi, da Dagomba, da Frafra, da Dagati, da Ewe, Musulmi da Kirista, amma Hausa ce harshen kasuwa da na tsakar gida. Sa'ad da haƙori ya hana ɗayansu barci, magani ɗaya suke bi. A kurkure baki da ruwan gishiri, a tura kanumfari cikin kogon, a shafa kanwa, in abin ya ƙi, a kira wanzami.

Wanzami yana da daraja a Gana, har waɗanda ba sa jin Hausa sun san sunan sana'arsa. A zabirarsa akwai aska, da ƙaho, da awartaki. Hannunsa ya goge, ya kuma kuɓutar da mutane da yawa daga azaba. Amma akwai iyakar da ba ya iya wucewa, iyakar da likitocin Turai ma ba su iya wucewa ba kafin 1896. Abin da ido yake gani na haƙori kusan sulusinsa ne kawai. Sauran yana binne cikin ƙashi. Turmin ƙasa yakan yi saiwa biyu, na sama uku, waɗansu a miƙe, waɗansu a lanƙwashe kamar ƙugiya. Mai cirewa ba ya sanin irin saiwar da ya kama sai ta fito, ko kuwa ta karye ta bar guntu a ciki. Wani lokaci ma haƙorin da yake zafi ba shi ne mai cutar ba, gama zafin haƙori yakan yi yawo, a cire lafiyayye a bar ruɓaɓɓe.

Hasken da ya ratsa nama

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, Wilhelm Röntgen, malamin kimiyya a jami'ar Würzburg ta Jamus, ya lura da wani haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa takarda, da katako, da naman mutum, amma ƙashi da ƙarfe suna tare shi. Kafin ƙarshen Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zoben aure suka fito sarai. Da yake bai san asalin hasken ba, ya sa masa harafin X, daga nan aka sami kalmar eksire. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin kimiyyar fiziks.

Aikin hoton mai sauƙin ganewa ne. Inuwa ce ake ɗauka. Abu mai tauri yana tare hasken, sai ya fito fari. Abu mai taushi ko kogo yana barin hasken ya wuce, sai ya fito baƙi. Saboda haka ɓawon haƙori yakan fito fari, jijiyar cikinsa ta fito kamar baƙin zare, ruɓa ta fito kamar duhu a gefe, mugunyar da ta taru a ƙarshen saiwa kuwa ta fito kamar baƙin ɗigo cikin ƙashi. Haƙorin Makka da mahajjata suke komowa da shi yakan fito fari fat, gama ƙarfe ne.

Hoton Walkhoff bai nuna abu mai yawa ba, amma ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Cikin wannan shekara ta 1896 wani likitan haƙori a New Orleans ta Amurka, C. Edmund Kells, ya fara ɗaukar hoton marasa lafiyarsa. A lokacin ba a san illar hasken ba. Kells yakan sa hannunsa gaban na'urar domin ya gwada ƙarfinta, yau da gobe, har ciwon daji ya kama yatsunsa. Aka yi ta yi masa tiyata, aka yanke yatsu, sa'an nan hannu, a ƙarshe har damtse. Ya rasu a 1928. Wani likitan haƙori a Boston, William Rollins, ya riga ya yi gargaɗi tun 1901, bayan ya gwada hasken a kan ɓerayen masar ya ga sun mutu. Ya ce a rufe na'urar da dalma, a kāre mara lafiya da mai ɗauka. Kaɗan ne suka saurare shi a lokacin. Ƙa'idodin da ake bi yau sun tsiro ne daga gargaɗinsa da kuma wahalar mutane irin su Kells.

Aka ci gaba da gyara. A 1913 kamfanin Kodak ya fara sayar da ƙaramin fim na haƙori a naɗe, a shirye. A 1925 Howard Raper ya fito da irin hoton da mutum yake cije ɗan kati, hoton ya nuna haƙoran sama da na ƙasa tare. Da shi ake kama ruɓar da take ɓuya tsakanin haƙori da haƙori, inda ido ba ya kaiwa.

Asibiti ya zo, likita ya yi ƙaranci

A Oktoba na 1923 Gwamna Gordon Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a yammacin Akra, domin 'yan ƙasa. A 1928 aka buɗe na Ridge, wanda a farko na Turawa ne kaɗai. A 1941, ana tsakiyar yaƙi, aka kafa asibitin soja na 37, wanda yake daf da Nima. Daga baya Maamobi ta sami nata asibitin, wanda ya fara a matsayin babban kilinik, ya zama babban asibiti. Wato ta wajen nisa, mutumin Nima ya fi yawancin mutanen Gana sa'a, gama manyan asibitocin ƙasar suna kewaye da shi, tafiyar motar trotro ce kawai.

Amma gini da na'ura ba sa karanta hoto. Sai likita. Gana ta sami 'yancin kai a 1957, ta fara koyar da likitoci a Korle Bu cikin shekarun 1960, duk da haka wanda yake so ya zama likitan haƙori sai ya ƙarasa karatunsa a waje, a Ingila ko Nijeriya. Ba dukansu suke komowa ba. Sai a 1995 Jami'ar Gana ta kafa cikakkiyar makarantar likitocin haƙori a Korle Bu, rukunin farko da aka horar a gida suka fita a 1997. Daga baya aka buɗe wata a jami'ar Kumasi. Wato shekara ɗari da ɗaya ke nan tsakanin hoton Walkhoff da likitan haƙori na farko da Gana ta yaye da kanta.

Cikin dukan shekarun nan likitoci kaɗan ne suke fuskantar dogon layi, yawancin masu zuwa kuwa sun zo ne bayan haƙorin ya riga ya lalace. Abin da ya saura sai cirewa. Da haka mutanen zango suka ɗauka cewa asibitin haƙori wurin cire haƙori ne kawai, bambancinsa da wanzami shi ne allurar kashe zafi. Wannan zato ya daɗe, ya kuma hana mutane da yawa zuwa da wuri.

Hoton muƙamuƙi gaba ɗaya

Ƙaramin fim yana nuna haƙori biyu ko uku ne kawai. Akwai cututtukan da suka fi ƙarfin wannan taga. Tun cikin shekarun 1930 wani likita a Japan, Hisatugu Numata, ya gwada ɗaukar dukan baki a hoto guda. Yrjö Paatero na ƙasar Finlan ya kyautata dabarar daga ƙarshen shekarun 1940, na'urarsa ta shiga kasuwa a farkon shekarun 1960. Mutum yakan tsaya ya ɗora haɓarsa, na'urar ta zaga kansa, ta shimfiɗa muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne kamar tabarmar da aka warware. Haƙora 32 na babba sukan fito duka, na yaro kuwa a ga na nono 20 da waɗanda suke jiran fitowa a ƙarƙashinsu.

Wannan hoto yana da muhimmanci na musamman a Afirka, saboda cututtuka biyu.

Ta fari ita ce wadda Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, ya bayyana a 1958. Ciwon daji ne da yake kama yara, sau da yawa a muƙamuƙi, ya fi yawa kuma a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Yana girma da sauri ƙwarai, cikin 'yan makonni fuskar yaro ta canja. Alamarsa ta fari takan zama haƙoran da suke girgiɗi ba dalili. Iyaye sukan zaci ciwon haƙori ne, a cire, kumburi kuwa ya ci gaba. A hoto, kowane lafiyayyen haƙori yana da siririn farin layi kewaye da saiwarsa, wato bangon ramin da yake zaune a ciki. A wannan cuta layin yakan ɓace tun da wuri. Tun daga shekarun 1960 aka yi dogon aikin bincike a kan cutar a Korle Bu, Dokta Francis Nkrumah, likitan yara, ɗan shugaban ƙasa na farko, yana cikin waɗanda suka jagorance shi. Abin farin ciki shi ne cutar tana jin magani, yara da yawa sukan warke in an kawo su da wuri.

Ta biyu ƙari ne da likitoci suke kira amelobilastoma, wanda ake gani da yawa a asibitocin Afirka ta Yamma. Yakan tsiro cikin muƙamuƙin ƙasa, wajen turame, ya yi ta cin ƙashi daga ciki shekara da shekaru ba tare da zafi ba. Rashin zafin nan shi ne mugun halinsa, gama mutum yakan ce, tun da ba ya ciwo, bari a gani. A hoto yakan fito kamar kumfar sabulu cikin ƙashi. In an gan shi yana ƙarami, guntun ƙashi ake cirewa. In an bar shi ya kai girman dunƙulen hannu, sai a yanke rabin muƙamuƙi, a nemi ƙashi daga wani sashen jiki a dasa.

Daga inuwa zuwa zurfi

Duk da amfaninsu, hotunan nan inuwa ce, inuwa kuwa tana da tsawo da faɗi, amma ba ta da kauri. In mutum biyu sun tsaya ɗaya bayan ɗaya a rana, inuwarsu takan zama guda, ba a sanin wanda yake gaba. Haka saiwar haƙori da jijiya sukan hau kan juna a hoto, likita ba ya iya cewa ko suna taɓa juna ko akwai rata a tsakani.

Maganin wannan ya fara ne daga Afirka. Allan Cormack, haifaffen Johannesburg, yana aiki a asibitin Groote Schuur na Cape Town a 1956 sa'ad da ya fara tunanin yadda za a yi lissafin cikin jiki daga hasken da ya ratsa shi ta kusurwoyi da yawa. Ya buga lissafinsa a 1963 da 1964. Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, ya ƙera na'urar ba tare da sanin aikin Cormack ba, aka yi wa mara lafiya na farko sikanin kai a London ranar 1 ga Oktoba, 1971. Su biyu suka raba kyautar Nobel a 1979. Wannan ita ce na'urar da ake kira CT. Tana nuna jiki yanka-yanka, kamar doyar da aka yayyanka aka jera, a duba kowane yanki shi kaɗai.

CT babba ce, mai tsada, haskenta kuma ya yi yawa domin aikin haƙori na kullum. Sai abubuwa biyu suka biyo baya. A 1987 Francis Mouyen na Toulouse a Faransa ya fito da ɗan faifan lantarki da ake sawa a baki maimakon fim, hoto ya bayyana a allon kwamfuta nan take, ba ɗakin duhu, ba ruwan wanki, hasken da ake bukata kuma ya ragu. Sa'an nan a ƙarshen shekarun 1990 masana a Verona ta Italiya da waɗansu a Japan suka ƙera ƙaramar CT ta haƙori, wadda ake kira CBCT. Haskenta yana fita da siffar mazurari. Takan zaga kan mutum sau ɗaya cikin ƙasa da minti guda, ta ɗauki ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su su zama muƙamuƙi mai tsawo da faɗi da kauri, wanda likita zai jujjuya a allo, ya auna abin da bai kai rabin milimita ba.

Amfaninta ya fi fitowa wajen shirya aiki kafin a taɓa wuƙa. Turmin ƙarshe, wanda yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, sau da yawa yakan kwanta a karkace cikin ƙashi, saiwarsa kusa da babbar jijiyar da take ba leɓen ƙasa da haɓa ji. In an ji wa jijiyar nan rauni, leɓe yakan mutu na watanni, wani lokaci har abada. Hoto mai zurfi yana nuna ko jijiyar ta bi ta wajen kumatu, ko ta wajen harshe, ko ta tsakanin saiwoyi. Haka kuma wajen dashen haƙori, wato kafa ƙusar ƙarfen taitaniyam cikin ƙashi, dabarar da Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa mutum a Suwidin a 1965. Dole a san kaurin ƙashin, da nisansa daga jijiya a ƙasa, ko daga kogon iska na kumatu a sama. Wajen wanke saiwa ma, hoton yakan tona ɓoyayyiyar hanya ta huɗu a turmin sama, wadda in an manta da ita ciwo yakan komo. Ga wanda ya faɗi daga kan okada ya karya fuska, ko mai babban ƙari, CT ta asibiti ce ake yi, da ita likitan fiɗa yake sanin inda zai yanka da inda zai ɗaura ƙarfe.

Kuɗi da jinkiri

A yau dukan irin hotunan nan suna samuwa a Akra. Ƙaramin hoto ya zama abin yau da kullum a ɗakunan likitocin haƙori. Hoton muƙamuƙi gaba ɗaya da CT suna manyan asibitoci da wuraren gwaji. CBCT kuwa ta fi samuwa a asibitocin kuɗi, waɗansunsu a unguwannin masu hali da ba su da nisa da Nima. Abin da ya raba ɗan zango da hoton yanzu kuɗi ne da jinkiri.

Daga 1985 gwamnati ta tsananta biyan kuɗin asibiti, har aka shiga zamanin kuɗi hannu, in ba ka biya ba, ba magani. Talakawa suka koyi haƙuri da ciwo, da sayen ƙwayoyi a kantin magani. A 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka sabunta ta a 2012. Inshorar ta ɗauki nauyin cire haƙori, da fasa ƙurji, da ciko mai sauƙi, amma ba ta ɗauki haƙoran roba da aikin ado ba. Mai son dashen haƙori, da hoton da yake tafiya tare da shi, daga aljihunsa zai biya. Tsarin ya taimaki mutane ƙwarai, amma kuma ya sa cirewa ta ci gaba da zama hanya mafi araha.

A gefe guda abinci ya sāke. Sukari ya yawaita cikin koko da shayi, ga lemon kwalba, ga alewa a hannun yara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kimanin mutum biliyan 3.5 suke fama da cututtukan baki, uku cikin huɗu kuwa suna ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin arziki. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruɓa takan fara da ɗan tabo, ta ratsa ɓawo, ta kai jijiya, ta sauka cikin ƙashi. Ƙwayar kashe zafi tana kwantar da kuka, ba ta tsai da wannan tafiya. Akwai lokacin da zafin yakan ɗauke da kansa, mutum ya yi murna, alhali jijiyar ce ta mutu. Daga turmin ƙasa mugunya tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe, wuya ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗagu ya toshe numfashi. Likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana wannan cuta tun 1836, har yau kuwa tana kashe mutane a Afirka ta Yamma. Wanda ciwon haƙorinsa ya kai ga kumburin wuya, da zazzaɓi, da wahalar haɗiya ko buɗe baki, asibiti ya kamata a kai shi a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Awon haske da awon bukata

Waɗansu suna gudun hoto domin sun ji an ce hasken yana ƙone jini. Tsoron yana da asali, labarin Kells shaida ne. Amma na'urorin yau sun bambanta da nasa nesa. Kowane mutum yana shan irin wannan haske kullum daga ƙasa, da duwatsu, da sararin sama. Ƙaramin hoton haƙori guda bai wuce abin da mutum yake sha cikin kwana ɗaya ba. Hoton muƙamuƙi gaba ɗaya kamar na 'yan kwanaki ne. CBCT ta fi su, daga na kwanaki har zuwa na makonni, gwargwadon faɗin wurin da aka ɗauka. Gana ta kafa Hukumar Makamashin Atom a 1963, ta kafa hukumar kāre jama'a daga hasken a 1993, sa'an nan dokar 2015 ta miƙa aikin ba da lasisi da duba na'urori ga wata hukuma mai zaman kanta. Mace mai ciki ta faɗa wa likita, shi zai auna ko a yi yanzu ko a jira. Rigar dalma da aka saba ɗorawa a ƙirji har yanzu ana amfani da ita a wurare da yawa, ko da yake a 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ce da na'urorin zamani ba lalle ba ce.

Ƙa'idar da masana suka tsaya a kai ita ce, kada a ɗauki hoto sai an duba baki tukuna, kada kuma a ɗauki babba inda ƙarami ya isa. Ƙa'idodin Turai na 2012 sun hana yin CBCT ga kowa da kowa ba dalili, musamman yara, gama jikinsu ya fi jin hasken. Ba ta ma fi ƙaramin hoto iya kama ruɓa ba, ƙarfen da yake baki kuwa, kamar haƙorin Makka, yakan watsa haske ya ɓata ta. Hoto ma yana da nasa makanta. Ruɓa ba ta bayyana sai ta cinye kusan sulusin ƙarfin wurin, saboda haka ido, da hannu, da tambayar likita ba su rasa matsayinsu ba. Mara lafiya yana da iko ya tambaya, me ake nema da hoton nan, me kuma zai canja cikin maganin? Ya kamata ya roƙi a nuna masa, ya karɓi nasa ya adana, ya tafi da shi duk inda aka tura shi, domin kada a maimaita a banza.

Fiye da shekara ɗari ke nan tun daga kwanciyar Walkhoff. Minti 25 sun koma ƙasa da daƙiƙa guda, inuwa ta sami kauri, Gana tana yaye likitocinta. Jikokin fataken Salaga da na leburorin bariki suna zaune tsakanin Maamobi, da 37, da Ridge, da Korle Bu. Amma na'ura mafi tsada ba ta iya mai da haƙorin da ya riga ya ruɓe, ko muƙamuƙin da ƙari ya cinye, iyakarta ta nuna girman ɓarnar. Ƙaramin hoto mai araha da aka ɗauka sa'ad da haƙori ya fara tsami da ruwan sanyi ya fi babban sikanin da aka yi bayan fuska ta kumbura. Yaro mai haƙora suna girgiɗi da kumburin kumatu, da babba mai ƙullutu a muƙamuƙi wanda ba ya zafi, su ne suka fi bukatar a gani kafin a cire.